Tsakanin .com da .ng: Abin da Google Ke Dubawa da Abin da Ake Sayar Mana

Duk wanda ya tashi buɗe shafin intanet a ƙasar nan, ɗan kasuwa ne ko mai makaranta ko matashin da ke son kafa jaridar Hausa, sai ya ci karo da tambaya guda kafin ya biya ko kwabo, wato da me adireshin shafin zai ƙare. Masu haɗa shafi sun kasu gida biyu wajen ba da amsa. Wasu za su ce masa .com ce ta manya, kuma ita Google ya fi ɗagawa sama. Wasu kuma za su ce ya ɗauki .ng domin ita ce ta gida, kuma duk ɗan Najeriyar da ya yi bincike shafinsa zai fara gani. A ganina ɓangarorin biyu suna sayar wa mutane alkawarin da ba a hannunsu yake ba. Wutsiyar adireshi, wato haruffan da yake ƙarewa da su, tana da muhimmanci, amma ba a wurin da ake nuna mana ba, kuma yawan cece-kuce a kan hawa saman sakamakon bincike ya sa an bar tambayoyin da suka fi cin aljihu, kamar da wane kuɗi za a riƙa sabunta sunan kowace shekara, da wanda ke da ikon ƙwace shi, da sunan wanda aka rubuta a rajistar.

Wutsiyoyin nan iri biyu ne a asali. Akwai na gama-gari irin su .com da .org da .net, waɗanda aka ƙirƙira a 1985, shekarar da wani kamfanin kwamfuta na Amurka ya yi rajistar symbolics.com, adireshi na farko da ya ƙare da .com. Kamfanin Verisign ne ke riƙe da rajistar .com, hukumar ICANN da aka kafa a 1998 kuma ita ke kula da tsarin sunayen gaba ɗaya. Sai kuma masu haruffa biyu da aka keɓe wa ƙasashe, inda Najeriya ke da .ng, Nijar .ne, Gana .gh, Kamaru .cm, Cadi .td, Sudan kuma .sd. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke gudanar da .ng da rassanta irin su .com.ng da .org.ng. Daga 2012 ICANN ta buɗe ƙofa ga sababbin wutsiyoyi, aka samu sama da 1,200, ciki har da .shop da .online da .xyz, da kuma .africa da ta fara aiki a 2017.

Waɗannan sababbin ne suka tilasta wa Google yin magana a fili, domin masu tallarsu sun riƙa cewa mai shago da ya ɗauki .shop zai sha gaban abokan hamayyarsa. A watan Yulin 2015 kamfanin ya fitar da bayani ta hannun ma'aikacinsa John Mueller, inda ya ce yana ɗaukar sababbin wutsiyoyi daidai da .com da .org, kuma kalmar da ke cikin wutsiya ba ta ƙara wa shafi matsayi, ba ta kuma rage masa. Tun kafin nan, a watan Satumban 2012, kamfanin ya riga ya karya lagon masu cusa kalmomin bincike cikin sunan shafi alhali babu abin kirki a cikinsa. Mai musu zai ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma duk binciken da ya yi .com yake gani a sama. Gaskiya ne yana ganinta, sai dai dalilin ba ya wuce cewa akwai adireshi sama da miliyan 150 da ke ƙarewa da .com, kuma a cikinsu ne ake samun mafi yawan tsofaffin shafukan da suka shekara ashirin ana ambatonsu, ana kuma nuni zuwa gare su daga wasu shafukan. Lambar Abuja a jikin mota tana faɗin inda aka yi mata rajista, amma ba ta ƙara mata gudu, ko da kuwa yawancin manyan motocin da mutum ke gani lambar Abuja ce a jikinsu.

Ba sai mun je nesa ba wajen neman hujja, domin kafafen labaran Hausa da muke karantawa kullum sun ishe mu. Sashen Hausa na BBC yana zaune ne a bbc.com, na DW a dw.com, amma na RFI yana ƙarƙashin rfi.fr, wato wutsiyar ƙasar Faransa ce ƙarara, kuma hakan bai hana mai bincike a Kano ko Damagaram ganin labaransa ba. Jaridar Aminiya tana amfani da .ng, haka ma sassan Hausa na Legit da Leadership, yayin da Premium Times ke kan .com, Wikipedia ta Hausa kuma tana kan .org. Mutum ya rubuta tambaya da Hausa a wayarsa game da farashin taki ko ranar ganin watan Ramadan, zai ga waɗannan shafuka suna musayar matsayi gwargwadon wanda ya riga kawo labarin, da wanda ya fi cika bayani, da wanda shafinsa ya fi saurin buɗewa a waya. Da wutsiya ce ke yanke hukunci, da jeri ɗaya za a riƙa gani kullum.

Akwai dai ƙamshin gaskiya a maganar masu goyon bayan .ng, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Google ya daɗe yana cewa wutsiyar ƙasa alama ce mai ƙarfi da ke nuna masa cewa an yi shafi ne domin mutanen wannan ƙasar. Saboda haka idan shafuka biyu suka yi kunnen doki a inganci, mai .ng na iya samun ɗan fifiko wajen mai binciken da ke cikin Najeriya. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin da ke kasuwanci a ƙasashe da yawa suke rarraba kansu, kamar yadda Jumia ke da jumia.com.ng a nan da jumia.co.ke a Kenya, Jiji kuma ke da jiji.ng a nan da jiji.com.gh a Gana. Sai dai wannan alama tana ta rage nauyi. Tun watan Oktoban 2017 Google ya koma ba da sakamako bisa wurin da mai bincike yake, ko da wane adireshin Google ya shiga. A 2022 ya cire sashen da masu shafi ke zaɓar ƙasar da suke nufi a manhajarsa ta Search Console. A watan Afrilun 2025 kuma ya sanar da cewa zai riƙa tura masu shiga adireshinsa na ƙasashe, irin su google.com.ng, zuwa google.com kai tsaye. Wani ma'aikacinsa, Gary Illyes, ya bayyana a 2024 cewa dacewar harshen shafi da harshen da aka yi tambaya da shi ta fi wutsiyar ƙasa tasiri. Akwai ma wutsiyoyin ƙasashe da Google ya daina ɗauka a matsayin na ƙasa saboda duniya ta mamaye su, irin su .co ta Kolambiya da .tv ta Tubalu da .io da .ai, amma .ng ba ta cikinsu, har yanzu tana nufin Najeriya a idon injin bincike.

A nan ne lamarin ya shafi mai rubutu da Hausa ta wata fuska da ba ta shafi mai rubutu da Ingilishi a Legas ba. Masu karanta Hausa ba a ƙasa ɗaya suke ba. Malamin da ke sa darussan fiƙihu a shafinsa daga Zariya yana da ɗalibai a Maraɗi da Tawa, da zangon Kumasi, da Garwa a arewacin Kamaru, da cikin Hausawan Sudan da na Saudiyya. Idan ya ɗauki .ng ya shaida wa injin bincike cewa Najeriya yake nufi, alhali kuwa harshe yake nufi, kuma harshen bai tsaya a Jibiya ko Illela ba. Ga irin wannan shafi na ilimi ko adabi ko labarai, ina ganin .com ko .org ta fi dacewa, kuma babu wani rashin kishin ƙasa a ciki. Duk da haka ba zan zuzuta asarar ba, domin shafukan Hausa masu inganci har yanzu ba su da yawa, ta yadda mai bincike a Yamai da ya rubuta tambayarsa da Hausa zai ga shafin .ng ɗin ko ta halin ƙaƙa, tunda babu wasu da yawa da za su ture shi. Abin da ya fi amfani ga irin wannan marubuci shi ne ya rubuta kanun maganarsa da kalmomin da mutane ke bugawa a waya idan suna nema.

Ɗan kasuwa kuwa lissafinsa daban ne, kuma a gare shi ne nake ganin .com.ng ko .ng ta fi alheri, ko da ba don Google ba. Mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, ko mai asibitin kuɗi a Sakkwato, kwastomominsa a ƙasar nan suke, kuma idan suka ga wutsiyar gida sun san da naira za a yi ciniki, sun kuma san akwai wanda za a iya samu idan an yi rikici. Sannan ga maganar kuɗin sabuntawa, wadda masu haɗa shafi ba su cika ambata ba a ranar farko. Adireshi haya ne na shekara-shekara, kuma farashin .com da dala ake yanka shi; a watan Satumban 2024 Verisign ya ɗaga abin da yake karɓa daga dillalai a kan kowane suna zuwa dala 10.26, kafin dillalan su ɗora ribarsu. Wanda ya yi rajista lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a saki naira a watan Yunin 2023, ya ga kuɗin hayarsa ya ninka fiye da sau uku a 2024 lokacin da dala ta haura naira 1,500, ko da kamfanin bai ƙara masa komai ba. Waɗanda suka yi rajista da kamfanonin waje sun ƙara shan wahala daga 2022, lokacin da bankuna da yawa suka taƙaita abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya. Farashin .com.ng da naira ake sa shi, kuma ya fi .ng tsagwaronta araha. Ban da wannan, mai shagon da ke son a same shi idan an nemi kaya a kusa zai fi amfana da sa shagonsa a taswirar Google, da adireshi da lambar waya da lokacin buɗewa, fiye da duk wata wutsiya da zai saya.

Inda nake ganin haɗari na gaske shi ne wajen kwaɗayin wutsiyoyin kyauta da na araha, da kuma aron wutsiyar wata ƙasa don kawai ta yi daɗin faɗa. Shekaru da dama kamfanin Freenom yana raba adireshi kyauta a ƙarƙashin .tk ta tsibirin Tokelau da .ml ta Mali da .ga ta Gabon da .cf ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da .gq ta Ikwatoriyal Gini, kuma matasanmu da yawa a nan suka fara koyon haɗa shafi. 'Yan damfara ma sun yi dafifi a wurin, har kamfanin Meta mai Facebook ya maka Freenom a kotu, a 2023 aka daina sabuwar rajista, a 2024 kuma kamfanin ya sanar da ficewarsa daga harkar. Duk wanda ya gina suna a kan irin wannan adireshi bai da wanda zai kai wa ƙara, domin abin da ba a saya ba ba a da hujjar mallakarsa. Google ba ya cewa yana hukunta wutsiya saboda ita kanta, amma ya taɓa share dukkan shafukan da ke ƙarƙashin co.cc daga sakamakonsa a 2011 saboda shara ta yi musu yawa, kuma masu tace saƙonnin imel sun fi shi rashin haƙuri da unguwar da ta yi ƙaurin suna. Wutsiyar ƙasa kuwa tana bin dokar ƙasarta da siyasarta. Mazauna Birtaniya da ke da adireshin .eu sun rasa cancantar riƙe shi bayan ficewar ƙasarsu daga Tarayyar Turai, aka dakatar da sunayen a farkon 2021. Kamfanonin fasaha da suka rungumi .io sun shiga zullumi a watan Oktoban 2024, da Birtaniya ta amince za ta miƙa tsibiran Chagos ga ƙasar Morishus, domin wutsiyar ta yankin ce. Ɗan Najeriyar da ke kan .ng aƙalla ya san dokar da ke kansa da kotun da zai je.

Wuri ɗaya ne wutsiya ke ɗauke da shaida ta gaske, kuma nan ne ya kamata hukumomi su fi ba da ƙarfi. Ba kowa ke iya sayen .gov.ng ba, domin an keɓe ta ga hukumomin gwamnati kuma sai an tantance, haka ma .edu.ng ga manyan makarantu irin su Jami'ar Bayero mai buk.edu.ng da Jami'ar Ahmadu Bello mai abu.edu.ng. Google ya sha faɗin cewa wutsiyar gwamnati ko ta jami'a ba ta da wani fifiko na musamman a lissafinsa, amma amfaninta ga talaka ya wuce matsayi. Duk lokacin da aka sanar da ɗaukar aikin soja ko kwastan, ko rabon wani tallafi, sai saƙonni su cika WhatsApp ɗauke da adireshi mai kama da na gwamnati. A ce an turo wa matashi wani abu kamar daukar-aiki-gov-ng.xyz/rajista, da tambarin ƙasa da hoton minista a sama, ana neman lambar BVN ɗinsa da naira dubu biyu na fom. Idonsa zai faɗa kan "gov" da "ng" ya natsu, alhali abin dubawa shi ne haruffan ƙarshe da ke gab da karan farko da ya karkata (/), kuma a nan .xyz ce, wadda kowa zai iya saya cikin minti biyar. Adireshin hukumar JAMB na gaskiya da jamb.gov.ng yake ƙarewa, babu ƙarin komai tsakaninsa da wannan karan. Wannan darasi mai sauƙi ne da za a iya koyarwa a rediyo da masallatai, amma ba ya tsayawa matuƙar hukumomin da kansu suna warwatse. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a watan Fabrairun 2022 da manufar da ta wajabta wa ma'aikatu amfani da adireshin gwamnati maimakon na gama-gari, bayan shekarun da hukuma babba kamar INEC ta yi tana amfani da inecnigeria.org. Har yau ana ganin sanarwar ma'aikatun jihohi da ƙananan hukumomi ɗauke da imel na Gmail, kuma duk jami'in da ya yi haka ya sauƙaƙa wa ɗan damfara aikinsa.

Na ga yadda rashin kula da sunan mai rajista ya jawo wa wata makaranta mai zaman kanta asara, kuma wutsiyar ba ta da laifi ko kaɗan. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya haɗa musu shafi, ya yi rajistar adireshin da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya gama hidimarsa ya koma garinsu. Saƙonnin tunatarwa na sabuntawa suka riƙa zuwa akwatin da babu mai buɗewa, wa'adi ya cika, wani daga waje ya saye sunan ya ɗora tallar caca a kai. Shugaban makarantar ya kira mai gyara musu kwamfuta, takardar sakamakon ɗalibai a hannunsa, adireshin na buge a ƙasanta da jikin motar makaranta da allon bakin ƙofa, yana tambaya, "Malam, yanzu ba yadda za a yi a dawo da shi?" Amsar da ya samu ita ce, "Ranka ya daɗe, a takarda ba naku ba ne tun farko." Duk matsayin da shafin ya tara a Google ya tafi tare da sunan. Wanda zai biya a haɗa masa shafi ya nace a yi rajistar da sunansa ko na kamfaninsa, da imel ɗin da shi ke riƙe da kalmar sirrinsa, kuma in da hali ya biya na shekaru biyu ko uku gaba ɗaya.

Ita ma NiRA ina da magana a kanta. Najeriya na da mutane sama da miliyan 200, amma adireshin da ke ƙarƙashin .ng bai kai ko rabin miliyan ba, alhali .za ta Afirka ta Kudu ta haura miliyan ɗaya, .de ta Jamus kuma tana wajen miliyan 17. Jamusawa ba wa'azin kishin ƙasa ne ya kai su can ba. Sun samu wutsiyar gida da araha, da sauƙin rajista, da amincewar jama'a, sai ta zama abin da kowa ke fara tunani. Kiran da ake yi na cewa a sayi .ng domin a riƙe kuɗi a gida yana da hujja, amma rabin hujja ce, tunda shafi na iya ƙarewa da .ng alhali kwamfutar da ke ɗauke da shi tana Jamus ko Amurka, kuma can ne mafi yawan kuɗin ke tafiya. Zai fi amfani a rage tazarar farashi tsakanin .ng da .com.ng, a gaggauta rufe adireshin da aka kama da damfara domin wutsiyar ta yi suna mai kyau, a kuma yi bayanin rajista da Hausa ga 'yan kasuwar Kano da Kaduna da Maiduguri, maimakon a riƙa yi musu alkawarin hawa saman Google wanda ba NiRA ke rabawa ba.

Saura wanda ya riga ya yi shekaru a kan wutsiya ɗaya, yanzu kuma wani ya zo yana zuga shi ya koma wata domin ya samu matsayi. Shawarata ita ce ya zauna inda yake, domin ƙaura tana girgiza matsayin shafi na makonni ko watanni ko da an yi ta daidai, kuma ribar da ake hange ba ta kai wannan wahala ba. Idan yana tsoron wani ya yi amfani da sunansa, ya sayi ɗaya wutsiyar ya sa ta riƙa tura masu ziyara zuwa babban adireshinsa, amma kada ya ɗora rubutu iri ɗaya a wurare biyu. Idan kuwa ƙaurar ta zama dole, kamar wanda ke kan wutsiyar kyauta ko wanda biyan dala ya gagare shi, to kowane shafi na tsohon adireshi a haɗa shi da takwaransa na sabon ta hanyar turawar dindindin da masu sana'ar ke kira 301, a sanar da Google canjin ta Search Console, sannan a ci gaba da biyan hayar tsohon sunan aƙalla shekara guda kamar yadda Google ya ba da shawara, domin turawar tana mutuwa ne a ranar da wa'adin tsohon adireshin ya ƙare.